Wat Tamanin a Laftof Ɗin Yaya

Lahadi, 6:40 na safe

Jiya mun ci. Na rubuta "mun", na tsaya ina kallon kalmar. Gaskiya su uku ne suka ci, ni jan ni suka yi ta yi kamar buhun siminti har aka tashi.

Tsohon littafin rubuta sakamakon gwaji ne wannan, a wurin aiki na ɗauko shi, rabinsa ba a taɓa ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa, to bari in faɗa wa takarda.

Yau kwanan Yaya goma a asibiti. Shekara shida ke nan yana buga gem ɗin harbin nan ta intanet da mutum uku: Direba, Barkono da Lissafi. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, sai murya. Su kuma da Kaftin suka san shi. Bana suka shiga gasa, ƙungiya-ƙungiya, mutum hurhuɗu, Asabar uku a jere da ƙarfe huɗu na yamma, sannan wasan ƙarshe. Ƙungiyar da ba ta cika huɗu ba an cire ta. Wanda kuma aka kama wani yana buga masa, ƙungiyar gaba ɗaya za a kora.

Ran Juma'a na kai masa ruwan zafi. Da Anti, matarsa, ta fita neman nas, ya miƙo hannun hagu ya karɓi wayata. Ya fi minti biyar yana dannawa da babban yatsa. Ga abin da ya rubuta:

"asbar. ki buga. kar su sni"

Na ce, "Yaya, ni? Ai kafin in san gabas daga yamma an kashe ni." Ya tsare ni da ido. Na ce to.

Shi ya koya min gem ɗin tun ina makarantar koyon aikin gwajin jini. Na iya, amma irin iyawar 'yar rakiya. Jiya na ɗauko laftof ɗinsa, na shiga da sunansa, na rubuta musu cewa makirfona ya lalace. Awa biyu muryoyinsu na cikin kunnena, ban ce uffan ba.

Litinin, 1:15 na rana

Hutun cin abinci. Ban ci ba.

Barkono ya cika zauren hirarsu da saƙo. "Kaftin wai me ya same ka? Mutum yana gabanka kana harbin bango. Ko aure ka ƙara ba mu sani ba?" Lissafi kuwa, malamin makaranta ne, lambobi ya turo: a da Yaya yana samun mutum sau huɗu a harbi goma, ran Asabar sau ɗaya da rabi. Ban san yadda ake harbin rabin mutum ba.

Na rubuta musu cewa laftof ce take sarƙewa. Kuma ba ƙarya ba ce zalla. In hayaƙi ya tashi, mutane suka yi yawa a wuri ɗaya, sai hoton ya riƙa tsinkewa kamar mai in'ina. Akwai wata 'yar lamba a saman sikirin, firam, wato yawan hotunan da take nunawa a daƙiƙa. Tana kan saba'in, in faɗa ya kacame ta faɗo arba'in. Yaya ya saba da haka, hannunsa ya san inda mutum zai ɓullo. Ni sai na gani da idona.

Na kalli bidiyo uku. Duk abu ɗaya suke faɗa: masu ƙera laftof suna sa wa furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar ke nan, iyakar wutar da za ta ja. Ta Yaya wat arba'in da biyar ce. Da wata 'yar manhaja ana iya ɗaga iyakar. A ƙarshen kowane bidiyo sai mutumin ya ce in ta ƙone ba ruwansa.

Talata, 7:30 na yamma

Na yi. Daga arba'in da biyar zuwa sittin.

Na danna. Babu abin da ya fashe. Fanka kawai ta tashi da ƙara kamar babur mai hawa tudu. Na shiga filin atisaye, firam ta haura casa'in ta zauna daram. Wallahi har dariya na yi ni kaɗai a ɗaki. Rabona da dariya tun kafin ranar.

Zafin furosesa: digiri tamanin da tara. Sun ce in bai kai ɗari ba, lafiya lau.

Laraba, 6:10 na safe

Laraba. Ba na son ranar nan.

Alhamis, 5:50 na yamma

Na biya asibiti daga wurin aiki. Na tarar da mai gashin ƙashi tana sa Yaya matsa ƙwallon roba da hannun dama. Yatsun ko motsi. Ta ce, "Madalla, ka ga an fara." Ni ban ga abin da aka fara ba. Gefen bakinsa har yanzu a karkace. Ya yi ƙoƙarin cewa Auta, "A" ɗin ta fito, sauran ta maƙale. Ya juya fuska bango.

Mutumin da in yana falo ba a jin talabijin saboda surutunsa.

A baranda Anti ta riƙo gyalena. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Auta, laftof ɗinsa tana wurinki ko?"

"Tana nan, Anti."

"Don Allah ki lallaɓa ta. Duk zanen gidajen da ya yi shekara goma suna ciki, babu su a ko'ina. Ogansu ya ce mako mai zuwa zai aiko a kwashi na asibitin yaran nan da suke ginawa. In ya tashi, da ita zai ci gaba da neman abinci."

Na ce in sha Allahu. Ban gaya mata wat sittin ba. Ban gaya mata gasa ba. Ita a saninta ajiya na yi masa.

"In ya tashi." Kowa haka yake faɗa. Ni aikin asibiti nake yi, na ga hoton ƙwaƙwalwarsa da aka ɗauka, na karanta abin da aka rubuta a ƙasa.

Juma'a, 8:05 na yamma

Atisaye awa biyu da su. Na ɗora laftof kan murafan kwalba huɗu don iska ta shiga ta ƙasa, na juyo mata fankar ɗaki. Ni ina gumi, ita tana shan iska.

Barkono bai zage ni ba sai sau uku. Lissafi ya ce an samu ci gaba. Direba bai cika magana ba. Muryarsa irin ta manya ce, a hankali, wani lokacin ana jin ƙarar manyan motoci a bayansa. Da za a tashi ya ce, "Kaftin, ka gyara makirfon nan mana. Mun yi kewar shirmenka."

Na rubuta "sai a hankali". Na daɗe a zaune da hedifon a kai bayan kowa ya fita.

Zafi casa'in da uku.

Asabar, 6:45 na yamma

Mun ci na biyu! Wannan karon "mun" ɗin har da ni. Mutum biyar na kayar. Na ƙarshen ta taga na hango shi, na riga shi. Barkono ya yi ihu har kunnena ya toshe: "Ga Kaftin ya dawo! Ga shi nan!" Na miƙe ina tsalle, Umma ta leƙo tana tambaya ko kunama ce.

Minti goma na yi ina murna.

Sai Lissafi ya karanto sanarwar masu gasa. Wasan ƙarshe ba ta intanet za a yi ba. Ƙungiyoyin da suka tsallake Asabar mai zuwa za a tara su a zaure ɗaya, kowa da katin shaidarsa, gaban jama'a. Barkono ya ce, "A ƙarshe dai zan ga ƙaton kan nan naka, Kaftin."

In mun faɗi, na kashe wa Yaya abu ɗaya da ya rage yana jira. In mun ci, wa zai zauna a kujerar?

Lahadi, 4:20 na yamma

An sallamo shi. Gidan Umma aka kawo shi don babu bene. Ni da Anti muka tallabe shi daga mota zuwa falo, ƙafar dama tana jan ƙasa. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana ta "sannu Babana, sannu Babana", ba ta bari hawayen ya sauko ba sai da ta shiga kicin.

Da aka bar mu mu biyu na nuna masa sakamakon a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga yatsu biyar na hagu, ya ɗaga gira. Na ce eh, biyar. Rabin fuskarsa ya yi murmushi.

Na ce, "Yaya, ka ga maganar wasan ƙarshe?" Ya gani. Ya karɓi wayar ya rubuta: "zan wrke".

Mako uku ne tsakani. Na ce Allah ya yarda.

Litinin, 2:30 na rana

Saura ƙiris in liƙa sunan wata mata a kwalbar jinin wani tsoho. Oga ce ta riƙe hannuna. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Shekara huɗu ban taɓa ganin kin yi haka ba. In hutu kike so ki faɗa. Nan ba wurin da ake kuskure ba ne."

Na shiga banɗaki na wanke fuska. In na rufe ido taswirar gem ɗin nake gani.

Nan ba wurin da ake kuskure ba ne. To ina ne wurin?

Talata, 7:55 na yamma

Bayan atisaye saƙo ya shigo, ba a zauren kowa da kowa ba, ni kaɗai. Direba ne. Zan kwafe shi yadda yake:

"Shekara shida ina bin bayan Kaftin. In ya shiga ɗaki hagu yake fara dubawa. Kai dama kake dubawa. Ba ya sake loda bindiga sai ta ƙare, kai kana yi bayan kowane harbi. Ban san ko wane ne kai ba, kuma ba faɗa na zo yi ba. Na kira wayarsa sau goma sha ɗaya ba a ɗauka. Abu ɗaya kawai za ka gaya min. Yana raye?"

Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. Yaya na falo, ina jin Anti tana lallashinsa ya haɗiye magani.

Na rubuta: "Yana raye."

Ya amsa: "Alhamdu lillahi. Na faka mota a gefen titi ina jiran amsar nan. Shi ya sa ka?"

"Shi ya sa ni."

"To. Ni ban ji komai ba sai ranar da ya ga dama ya faɗa. Amma ka sani ban ji daɗi ba. Sai Asabar."

Laraba, 8:10 na yamma

Mako uku yau. A kan kujerar nan ta falo Yaya yake zaune ranar, inda yake zaune yanzu. Kofin shayi ya suɓuce masa. Ya yi dariya ya ce, "Likitar gida, zo ki duba min hannun nan, tun safe yake min kamar ba nawa ba." Ni kuma na

A'a. Ba yau ba.

Waɗanda za mu haɗu da su ran Asabar su suka ɗauki kofin bara. Na kalli wasanninsu, gurneti da hayaƙi suke cika wuri da su. Na gwada irin haka a filin atisaye, firam ta faɗo sittin. Laftof ɗin da kanta take rage gudu in ta ji zafi ya yi yawa. Akwai wani ɗan akwati a manhajar, in an cire alamar da ke ciki ba za ta ƙara ragewa ba. Mai bidiyon ya ce kada a taɓa shi. Sau biyu ya faɗa.

Na cire. Na kai wat tamanin.

Firam ɗari da goma. Zafi casa'in da tara.

Asabar ɗaya ce kawai. Awa biyu. Daga nan in mayar da komai yadda yake.

Alhamis, 6:30 na yamma

Caja ba ta taɓuwa don zafi. Kuma ga abin mamaki: tana jone da wuta amma batir sauka yake yi. Wai cajar ba ta iya kawo abin da furosesa ke zuƙa, sai ta ciko daga batir.

Umma ta shigo ɗaukar tsintsiya, ta dafa teburin kusa da inda iska ke fita, ta janye hannu da sauri. "Ke Auta, wannan abin guga ake yi da shi? Kashe shi ya huta mana, ko jaki ai ana sauke masa kaya." Na ce haka suke yi, Umma. Ta ce, "Uhm."

Ɗan aiken ofishin su Yaya bai zo ba, sun ce sai Litinin. Na so in kwashe zanen a filashi tun yau. Filashina ya cika, na ce gobe in sayi wani.

Juma'a, 9:00 na safe

Casa'in da tara. Casa'in da tara. Har a allon injin gwajin jini ita nake gani.

Juma'a, 7:20 na yamma

Na manta filashin.

Asabar, 8:30 na yamma

Bari in rubuta a jere, in ba haka ba ba zan iya ba.

Ƙarfe uku da rabi Yaya ya fara buga hannun kujera da zobensa. Na fito. Ya nuna ɗakina, ya nuna teburin falo, ya nuna idonsa. Kallo yake so ya yi. Anti ta ce kallon me? Na kwaso laftof da caja da murafan kwalba na jera a gabansa. Na cire hedifon na bar sauti a sifika don ya ji su.

Da muryar Barkono ta fito, "Kaftin kurma, ka iso?", Yaya ya rufe ido. Anti ta dube shi, ta dube ni, ta zauna a hannun kujera.

Zagaye biyar ake yi. Suka ci na farko, muka ci na biyu da na uku, suka ci na huɗu. Fanka tana kuka kamar za ta tashi sama. Kibod ya yi zafin da sai da na riƙa ɗaga yatsu tsakanin harbi. Ban kalli lambar ba. Na san abin da take cewa. Yaya ya matso har bakin kujera, in zan shiga ɗaki sai ya buga teburin da hannun hagu, wai in duba hagu. Sau biyu hakan ya cece ni.

Zagaye na biyar, saura mu huɗu su uku, a cikin wani gidan bene. Suka watso hayaƙi. Lissafi ya ce, "Kaftin, matakala, suna hawowa ta wajenka!" Na juya. Na ga kan mutum.

Sai wani ɗan sauti, ɗas. Sikirin ya yi baƙi. Fanka ta yi shiru.

Sai ƙauri. Irin na wayar wuta in ta narke.

Na danna maɓallin kunnawa. Na sake dannawa. Na cire caja na mayar. Anti ta miƙe tsaye a hankali ta ce, "Auta. Zanen." Ban iya ɗago kai ba.

Ban san minti nawa muka yi haka ba. Wayar Yaya ce ta fara ruri a hannun Anti, kiran taro, su ukun. Ta juyo da fuskar wayar gare shi. Na ce, "Bari in rubuta musu wuta ce ta ɗauke." Ya girgiza kai. Ya miƙa hannu. Ta danna ta ajiye masa a cinya.

Ihu ne ya fara fitowa. Sun ci. Su uku suka ƙarasa, Barkono ya kayar da biyu, Direba ya gama da na ƙarshe. Barkono yana ta, "Mun je wasan ƙarshe! Kaftin ina ka shige? Ka yi magana mana, wannan ai waya ce ba makirfo ba!"

Yaya ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta tashi. Na ga yana tattaro kalmar tun daga ciki.

"Ni... ne."



"Ba... ni... na bu... ga ba."

Yawu ya zubo ta gefen bakinsa, Anti ta goge da bakin mayafinta. Ya nuna ni da haɓa. Na matso na ce, "Ƙanwarsa ce. Ni na buga duka ukun. Yau kwanansa ashirin da uku da samun shanyewar ɓarin jiki."

Ga shi na rubuta. Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina.

Barkono ne ya fara magana, muryarsa ta canza sam. "Kai Kaftin. Kai wane irin mutum ne? Kana kwance, ni ina nan ina zaginka? Mako uku ina zagin mara lafiya?" Sai muka ji ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Direba ya ce, "Ya isa. Kaftin, sannu. Sannu, ɗan'uwa."

Lissafi ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Kun san sai mun rubuta wa masu gasa ko? Waɗancan mutanen ba su yi mana komai ba. Kujerarsu ce." Babu wanda ya musa. Shekara shida suna neman wannan wasan. Yaya ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ce, "Ru... buta."

Lahadi, 11:00 na safe

An cire mu. An dakatar da sunan Kaftin shekara guda.

Anti ta gaishe da Umma, ta ba Yaya magani, ta wuce ni a tsakar gida kamar turmi. Gara ta zage ni.

Litinin, 5:40 na yamma

Na nemi rabin yini a wurin Oga na kai laftof wurin Injiniya, wani dattijo mai shago ƙarƙashin matakala a layin masu gyaran waya. Ya kwance ta, ya shinshina, ya sa gilashi ya duba.

"Wa ya ɗaga mata wuta?"

"Ni."

"Nawa?"

"Tamanin."

Ya cire gilashin ya kalle ni. "Kin cire birkin ma ko?" Na ce eh. Ya nuna min wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa, gefensa ya ƙone. Shi ke ba furosesa wuta. Sannan ya sa hantsaki ya zaro wani curin ƙura daga bakin fanka, kaurinsa kamar soso.

"Kin ga abin da ya shaƙe ta. Da nan kika fara zuwa, in share wannan, in canza mata man sanyaya, da kin samu rabin gudun da kike nema ba ki taɓa komai ba."

Na ce, "Baba, zanen da ke ciki fa?"

Ya ciro ma'ajiyar bayanan, 'yar siririya kamar cingam, ya jona a tasa kwamfutar. Muka jira. Wani ya zo karɓar waya, ya sallame shi, ya dawo. Sai ga su sun jeru, shekara-shekara, yadda Yaya ya tsara su.

Na zauna a kan wani tsohon firinta na yi kukan da ban yi ba tun ranar Alhamis ɗin da aka kai Yaya asibiti. Injiniya ya ci gaba da aikinsa, sai da na gama ya miƙo min ruwa. Ya kwashe komai a filashi biyu. Ya ce laftof ɗin sai Juma'a, kuma bai yi alkawari ba.

Na miƙa wa Anti filashin a kicin. Ta jujjuya su a tafin hannu. Ta ce, "Kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "Ɗauko faranti."

Laraba, 5:15 na yamma

Na faɗa masa.

Umma ta fita, Anti tana wanki. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ce, "Yaya, ranar da kofi ya faɗi. Ka ce in duba hannunka. Na ce gem ne ya yi maka yawa, na ba ka maganin ciwon kai, na yi maka dariya. Na'urar awon hawan jini tana cikin jakata. Ko fito da ita ban yi ba. Da na auna ka, da a ranar muka tafi asibiti, ba washegari da aka tsince ka a ƙasan banɗaki ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya nemi waya, na ba shi, sai kuma ya ture ta. Da baki yake so.

"Sa... ka... ra."

Na ce na'am.

Ya nuna waje, wajen da Anti take. "Ta... ce... mu je. Na... ƙi."

Ashe da suka koma gida ranar ta ga yadda yake riƙe cokali, har ta ɗauko makullin mota. Ya ce shi ba inda za shi, barci ne bai ishe shi ba. Ita ma mako huɗu ke nan tana ɗauke da nata, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta shigo da kumfa a hannu ta same mu, ta ce me ya faru, ya nuna ni ya nuna ta ya nuna kansa, ya ɗaga yatsu uku. "Sa... karkaru."

Ban ce nauyin ya sauka ba. Ban auna shi ba, wannan ba zai canza ba. Amma yau na ci abinci har na ƙara.

Juma'a, 6:00 na yamma

Laftof ta tashi. Wat arba'in da biyar. Injiniya ya goge manhajar a gabana, ya ce in ya sake ganina da irin wannan sai ya kira 'yan kwana-kwana.

Asabar, 7:40 na yamma

Ƙarfe biyu wata ƙatuwar mota ta toshe mana layi, maƙwabta suka fito kallo. Direba ne. Ya ce kaya ya kai wani gari, ya ga hanyar ba ta da nisa. Daga baya na ji awa biyar ya ratse. Gajere ne, da furfura a gemu, sam ba yadda na zata ba. Ya tsaya a ƙofar falo, shi da Yaya suka yi ta kallon juna. Ya ce, "Ashe da gaske kan naka ƙato ne." Yaya ya yi dariya har da tari.

Ya zo da wani mawus, linzamin kwamfuta, mai maɓallai da yawa a gefe, na hannun hagu. Lissafi ne ya nemo, ya kwana biyu yana tsara yadda tafiya da harbi duk za su koma hannu ɗaya. Ƙarfe huɗu suka shiga, ba gasa ba, wasa kawai. Ni aka ba aikin riƙe faifan mawus kada ya zame.

Minti goma Yaya yana tafiya cikin bango. Ya faɗo daga bene sau biyu. Ya jefa gurneti a ƙafarsa. Barkono ya daure, ya daure, yana ta "ba komai Kaftin, a hankali", har abin ya ishi Yaya ya ce, "Za... ge ni... mana." Shi ke nan aka buɗe famfo.

Gumi ya jiƙa masa riga. Anti ta ce a bari haka, ya ƙi.

Daf da za a tashi ya harbi mutum ɗaya. Lissafi ne, ɗan ƙungiyarmu, ta baya kuma. Amma ya harba, kuma ya samu.